Jirgi mai saukar ungulu ba zai raba mu da gosulo ba

Jama'a, bidiyon ƙananan jiragen nan masu ɗaukar mutum ɗaya ya cika Facebook, ana ta murna wai an kusa yin sallama da cunkoso, kowa ya ajiye nasa a tsakar gida. Ni dai maganar ba ta kwanta mini ba.

Wanda aka fi yaɗawa, Jetson ONE na wani kamfanin Sweden, da batir yake aiki, kuma bai wuce ya yi kamar minti 20 a sama ba. Da aka fara tallarsa a 2021, dala 92,000 aka sa masa. Wannan shi ake kira mai araha! Babu wurin uwargida, babu na buhun shinkafa. Jirgin gaske kuwa, irin Robinson R44 mai kujera huɗu, in ya cika awa 2,200 yana tashi dole a kwance shi a yi masa garambawul, ga man jirgi, ga lasisin matuƙi, ga inshora. Mota in ta mutu sai ka tura ta gefen titi ka kira bakanike. A sama ina gefen titin yake? Ba a ma zo maganar hazon hunturu ba tukuna.

An fa gwada. Sao Paulo ta Birazil na cikin biranen da suka fi yawan helikwafta a duniya, attajirai na sauka a kan rufin dogayen benaye. Kamfanin Airbus ya buɗe Voom a can a 2017, ka kira jirgi ta waya kamar tasi. A 2020 aka rufe shi. Titunan birnin kuwa har gobe a cushe suke.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, masu iya hawan jiragen nan su ne masu iya sa hannu a gyara hanya. Ranar da babban mutum ya daina zufa a kan gadar Third Mainland ta Legas, wa zai tuna da mai motar haya ta danfo da ke ƙasa? Ko yanzu da jiniya kaɗai suke ratsa mu kun ga yadda ake ciki.

Jirgin ƙasan Blue Line da Legas ta fara a 2023, daga Marina zuwa Mile 2, a sawu ɗaya yana kwashe mutanen da helikwafta ɗari ba za su ɗauka ba. Mu a Kano, wanda ke maƙale cikin a-daidaita-sahu a Ƙofar Ruwa ko Kwanar Dawaki, irin wannan yake jira a yi masa.