Harafi ɗaya ya kunyata ni a gaban surukina

Da bakina na jawo wa kaina wahala, domin babu wanda ya aike ni lokacin da na ce wa surukina, wani dattijon ɗan kasuwa mai sarin albasa daga Aliero zuwa Birnin Kebbi, zan cire masa Windows daga tsohuwar kwamfutarsa in sa masa Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta da ke iya maye gurbin Windows. Har lacca na yi masa a zaure, cewa wani ɗalibi mai suna Linus Torvalds ne ya fara rubuta kanel ɗin a ƙasar Finlan a 1991, kuma kanel shi ne zuciyar tsarin, shi ke shiga tsakanin manhajoji da ƙarafan na'ura. Baba ya ce shi dai lissafin masu bashinsa kada ya salwanta.

Filashin da na yi amfani da shi a tawa kwamfutar lafiya lau, shi na ɗauko. Aikin ya kammala, na sake kunnawa, sai allo ya yi baƙi ƙirin, fanka tana ta juyawa. Bayan shiru mai tsawo Baba ya ce, "Malam, mutuwa ta yi ko kwana takai?" Na ce, "Baba, tunani take yi."

Na shiga BIOS, wato saitin tushe na na'urar, na kashe Secure Boot, matakin tsaron da ke hana tsarin da ba a amince da shi ba tashi, na duba saitin faifai, duk a banza. Can na gane cewa tsohon katin hoton na'urar ne bai jitu da sabon kanel ba, domin da zarar kanel ya karɓi ragamar allo sai hoton ya ɓace. Maganin sananne ne, ga shi ma a rubuce a wayata: a fito da jerin zaɓin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, a danna e, a nemi layin da ke da quiet splash, a ƙara nomodeset, sannan a danna F10. Sau biyar na yi haka tsakanin azahar da la'asar, gumi ya jiƙa mini kaftani, kuma kunyar suruki ta hana ni ko neman ruwan sha.

Ƙanwar matata, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, ta kawo wa Baba fura, ta tsaya a bayana tana kallo. Sai ta ce, "Yaya, kalmar da ke cikin wayarka tana da e biyu, taka kuwa ɗaya." Ashe nomodset nake ta rubutawa, shi kuwa kanel idan bai san kalma ba, ba ya musu, wucewa kawai yake yi abinsa. Na ƙara harafin, kwamfuta ta tashi, sunayen masu bashi suka dawo cif daga ajiyar da na yi.

Baba ya ba ta naira dubu ɗaya. Yanzu idan kwamfutar ta yi gardama ita ake kira, ni kuma sai ranar da za a sauke buhunan albasa ake nemana.