Lambar da ke jikin kwalin ƙaramin jirgi

A Zariya yara na tashi suna ganin jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi a kansu, don haka ba a rasa masu sha'awar haɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba da ke zuwa gunduwa-gunduwa a kwali. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawa ke ɗauka jirgin kwalin da aka rubuta wa 1:72 ya fi na 1:48 girma. Ba laifinsu ba ne, ai a ƙidaya 72 ta fi 48.

Sai dai lambar ta rabawa ce. Ma'anar 1:72 ita ce an raba tsawon jirgin gaske gida 72, an ɗauki kashi ɗaya. Duk yadda lambar ta ƙaru, jirgin ƙanƙancewa yake yi.

Ɗauki Spitfire, jirgin Ingila na Yaƙin Duniya na Biyu. Faɗin fuka-fukansa kimanin mita 11.2 ne. A 1:72 zai dawo santimita 15 da rabi, a 1:48 kuwa ya ɗan haura 23. Tankokin yaƙi galibi a 1:35 ake yin su, shi ya sa in ka jera tanka kusa da jirgin 1:72 za ka ga ta yi masa girma fiye da kima.