Takardar gwajin ciyawar roba: lamba ɗaya ba ta isa shaida ba

Duk wanda zai shimfiɗa ciyawar roba a filin ƙwallo, ko a Agege ne ko a Surulere cikin Legas, dillali zai miƙo masa takarda daga wani ɗakin gwaji na ƙasar waje, da lambar da ke nuna yadda shimfiɗar ke shanye ƙarfin faɗuwa. Yawancinmu da mun ga hatimi sai mu biya. A ganina wannan lamba ba ta da nauyi sai an san yadda aka same ta.

Da farko, hanyar gwajin ba ɗaya ba ce. A filin ƙwallo ana sako ƙarfe mai nauyin kilo 20 daga tsayin milimita 55, da sifirin a tsakani, sannan a kwatanta ƙarfin bugun da wanda kankare zalla ke bayarwa. FIFA na neman ragin ƙarfin bugun da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari a filayenta na matakin ƙoli, a hanyar tsere kuwa hukumar wasannin guje-guje ta duniya na neman 35 zuwa 50. Wurin wasan yara dabam yake: ƙa'idar EN 1177 na amfani da ƙarfe mai siffar kai, kilo 4.6, kuma ma'aunin raunin kai, wato HIC, kada ya haura 1000. A Amurka akwai masu sako ƙarfe mai shafaffen gindi, kusan kilo 9, daga santimita 61. Sakamakon ɗaya ba ya fassaruwa zuwa na ɗaya, duk da dillalai kan jera su kamar mudu ɗaya aka auna da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɗakuna biyu masu bin ƙa'ida ɗaya ma sukan saɓa. Sifirin kan gaji. Na'urar auna bugu tana kaucewa idan an daɗe ba a daidaita ta ba. Manhajar da ke tace siginar, idan an saita ta dabam, tana rage ko ƙara ƙololuwar bugun. Daɓen da aka ɗora samfurin a kai, in bai yi kauri da ƙarfi ba, shi ma yana shanye wani kaso, sai roba ta ci yabon da ba nata ba. Ga yashi da garin taya da ake zubawa cikin ciyawar: bugun farko yana danne su, shi ya sa ake buga sau uku a ɗauki matsakaicin na biyu da na uku. Ƙa'idar ISO 5725 ta raba abu biyu, maimaituwar sakamako a ɗaki ɗaya da daidaituwarsa tsakanin ɗakuna, kuma tazarar ta biyu ce ta fi faɗi. Saboda haka idan wannan ɗaki ya ce 59 wancan ya ce 61, ba lallai wani ya yi ƙarya ba, amma ɗaya ya kayar da filin ɗaya ya tsallakar da shi.

Maganin sananne ne: a zagaya da samfuri ɗaya ɗakuna da yawa, gara tabarmar roba da ba ta canzawa, a ga wanda ya yi nisa da sauran. Makin kaucewa, wato ma'aunin nisan sakamakon ɗaki daga na sauran, idan bai wuce 2 ba karɓaɓɓe ne, wanda ya kai 3 akwai gyara. Mai saye na da haƙƙin tambayar rahoton wannan zagayen, tare da shaidar ISO/IEC 17025, wato takardar tabbatar da ƙwarewar ɗakin gwaji, da ta ambaci wannan gwajin da sunansa.

Sai kuma Legas kanta. Ɗakin gwaji yakan yi aiki a digiri 23, robarmu kuwa rana ce ke gasa ta, ruwan damina na kwashe garin tayar zuwa gefe, bakin raga na daddanƙarewa. A rubuta cikin kwangila cewa kason ƙarshe na kuɗi ba zai fita ba sai an gwada filin bayan shimfiɗawa, a wurare da dama har da bakin raga, an kuma rubuta zafin shimfiɗar da zurfin garin tayar a kowane wuri.