Gidan Howard: mata suka kawo, maza suka gada

Wanda ya kalli jana'izar Sarauniya Elizabeth a 2022, ko naɗin Sarki Charles a watan Mayun 2023, ya ga aikin mutum ɗaya: Edward Fitzalan-Howard, Duke na Norfolk na 18 (Duke babbar sarautar gado ce a Birtaniya). Shirya irin waɗannan bukukuwa gadon gidansu ne tun 1672. Na zauna na bi salsalar gidan, kuma abin da na gani ya tsaya mini a rai.

Ta ina sarautar ta shigo musu? Ta ɗakin mace. John Howard, wanda Sarki Richard na Uku ya naɗa Duke na Norfolk a 1483, ya samu hujjarsa ne ta wajen mahaifiyarsa Margaret, 'yar gidan Mowbray, masu sarautar Norfolk na farko. Bai daɗe a kai ba, aka kashe shi a yaƙin Bosworth a 1485.

Jikansa, Duke na uku, shi ne ya fi ba ni takaici. Kawu ne ga Anne Boleyn, baffa ne ga Catherine Howard. Duk su biyun sun auri Sarki Henry na Takwas, gidan ya ci moriyarsu a fada son ransa. Da ruwa ya ƙare wa ɗan kada a 1536, wa ya shugabanci shari'ar Anne? Kawun nan nata. Da bakinsa ya karanta hukuncin kisa a kan 'yar ƙanwarsa. A 1542 aka fille kan Catherine, yarinya ɗanya, shi kuwa ya zame jikinsa ya tsira. Ina tunanin Anne a tsaye a zauren nan, ta ɗaga ido ta ga wanda ya kamata ya tsaya mata shi ne a kan kujerar alƙali. Wallahi abin da ciwo.

Mazan ma sun ɗanɗana, kada in yi rashin adalci. An sare kan Duke na huɗu a 1572, sarautar ta ɓace sai 1660 aka mayar musu. To amma ko a nan dubi abin da ya riƙe gidan. Matar Duke na huɗun ta fari, Mary FitzAlan, ta haifi ɗa namiji a 1557, ta rasu bayan 'yan makonni, ko shekara ashirin ba ta kai ba. Ta dalilinta ne katafaren gidan Arundel da ke Sussex ya zama nasu, har yau can suke zaune. Sunan gidan ubanta ne ma suka liƙa a gaban nasu.

Sai 1975. Duke na 16, Bernard, mutumin da ya shirya naɗin Sarauniya a 1953 da jana'izar tsohon Firayim Minista Churchill a 1965, ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu, duka mata. Takardar sarautar ta ce sai namiji ta tsatson maza. Aka tsallake su huɗun, aka miƙa wa wani ɗan'uwa na nesa, Miles, mahaifin Duke na yanzu. Babbar 'yar, Anne, ta gaji wata tsohuwar sarauta ta Scotland mai suna Herries, wadda ƙa'idarta ta yarda da mace, ita ma sarautar kuwa ta hannun kakar Anne ta shigo gidan.

Wani zai ce ai al'adarsu ce, kuma ita ta hana dukiya tarwatsewa. Na ji. Sai dai majalisar Birtaniya da kanta ta gyara dokar gadon karagar mulki a 2013, ta daina fifita ƙane a kan yayarsa mace. Aka gyara wa fada, aka bar gidajen irin su Norfolk yadda suke. Ni dai ban ga hujjar ba. Gidan da Margaret ta kawo wa sarauta, Mary ta kawo wa muhalli, har yau 'yarsa ta cikinsa ba ta isa ta gaji rawanin ubanta ba.