Asibitin da ke bin 'yan ƙodago har masaukinsu

A watan Agustan da ya wuce wata maƙwabciyata, ma'aikaciyar jinya ce, ta roƙe ni in tuƙa musu mota da yamma saboda direbansu bai jin daɗi. Na ɗauka mara lafiya za mu kai asibiti. Ashe asibitin za mu loda a mota mu kai wa mutane.

Bayan la'asar muka bar gari muka nausa gabashin Karolina ta Arewa, inda ba ka ganin komai sai gonakin taba da na dankali har iyakar ganinka. Jihar nan ita ce kan gaba a duk Amurka wajen noman waɗannan biyun. Sai da magariba ta kawo jiki muka sauka daga kwalta, muka bi wata hanyar burji da ba ko alama a bakinta, muka ɓulla bayan wani kurmi. Wani dogon gini ne na bulo da rufin kwano, gadaje masu hawa biyu a ciki, takalman roba jere a bakin ƙofa, riguna a kan igiya sun yi baƙi ƙirin da danƙon taba. Ga wata tsohuwar motar 'yan makaranta da aka sake wa fenti, ita ke kai su gona da asuba. Ƙamshin wake da wata gurasar masara da suke gasawa a kasko ya cika wurin. Kusan kowa na riƙe da waya yana magana da iyalinsa a Meksiko. Muka shimfiɗa tebura masu naɗewa a ƙarƙashin fitila, aka fito da abin awon jini da na suga da akwatin sanyi na magunguna, mutane suka fara layi, wasu gashinsu bai ma bushe daga wanka ba.

Dalilin zuwa da dare ba wani ɓoyayye ba ne. Mutumin da ya bar gona da rana ya yi asarar kuɗin wannan yinin, ba shi da mota, ba ya jin Turanci, kuma asibiti mafi kusa an rufe shi tun ƙarfe biyar. A daren nan na fara jin labarin wata cuta da ban taɓa sani ba. Idan mutum yana yankan taba da sassafe raɓa ba ta bushe ba, gubar da ke cikin ganyen takan ratsa fata ta shiga jini, sai amai da jiri da ciwon kai, kamar wanda ya zuƙi sigari masu yawa a lokaci guda ko da bai taɓa sa kara a baki ba. Wasu ledar shara suke hudawa su sa kamar riga don kada ganyen ya taɓa su, ita kuma ledar ta dafa su a cikin rana. Wata yarinya da ke tare da mu, 'yar irin waɗannan ma'aikatan ce ta girma ta shiga aikin, ta zauna a kan bokiti tana yi musu bayani da Sifaniyanci: a zo da riga biyu, a canza idan ta farko ta jiƙe, a sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo.

Duk wannan bai tsaya mini a rai kamar wata takarda da na gani a hannun maƙwabciyata ba. Jadawali ne na shekara, amma maimakon watanni su ɗauki sunayen taruka da hutu, sunayen amfanin gona suka ɗauka. Mayu da Yuni, tsinkar wasu ƙananan 'ya'yan itace shuɗaye. Yuli zuwa Oktoba, taba. Kaka, haƙar dankali. Nuwamba, saran itatuwan Kirsimeti can kan duwatsun yamma. A gaban kowane akwai masaukai nawa za su cika, mutum nawa ake sa ran zuwansu, da irin ciwon da yake zuwa da wannan aikin. Da shi suke ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, da shi suke odar magani. Na tambaye ta ina suke samun sunayen masaukan da ko taswirar waya ba ta san su ba. Ta ce ai dokar jiha ta tilasta wa manomi ya sanar da ma'aikatar ƙwadago kwana 45 kafin ya sauke ma'aikata, don a zo a duba ruwa da makewayi da wurin kwana. Sauran da ba su yi rajista ba kuma, a shagunan wanki da coci-coci da kantunan sayar da abincin Meksiko ake jin labarinsu.

Akwai wani dattijo da aka samu jininsa ya hau sosai. Kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, zai wuce wata jiha. Ba a ce masa ya dawo wata mai zuwa ba, tunda an san ba ya nan. An sa sunansa a wani tsari na wata ƙungiya mai suna Migrant Clinicians Network da ke Teksas, waɗanda aikinsu shi ne bin mara lafiya da takardunsa daga jiha zuwa jiha, har zuwa ƙasarsu idan ya koma. Da masu tarin fuka suka fara, don kada mutum ya yanke shan magani a tsakiyar hanya.

A hanyar dawowa ta juyo ta ce da ni, ai a ƙasarku ma akwai masu bin aikin gona haka, ko? Wa yake duba su? Na buɗe baki, abin da ya zo mini shi ne mai kemis. Ban faɗa ba. Na ce mu a wurinmu akwai zumunci, ba a barin mutum shi kaɗai. Ta ce abin sha'awa ne, ta koma kan wayarta. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kada wani ya ce na zo ƙasar Turawa ido ya rufe. Na san abin da ke ƙarƙashin wannan kyakkyawan jadawali. Tun dokokin ƙwadago na 1935 da 1938 aka ware ma'aikatan gona daga kariyar da sauran ma'aikata suka samu, har yau dokar tarayya ba ta ba su kuɗin ƙarin lokaci ba. Kusan rabinsu ba su da inshorar lafiya. Masu zuwa da bizar aikin gona ta H-2A, waɗanda yanzu sun haura dubu 300 a shekara, takardarsu a ɗaure take da mai gonar da ya kawo su, don haka mutum yakan haɗiye ciwo don kada a ƙi kiransa baɗi. Marasa takarda kuwa, ganin baƙuwar mota ma yana sa su ɓuya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta taɓa fitar da rahoto a 2008 cewa zafin rana yana kashe masu aikin gona ninki kusan 20 na sauran ma'aikata. Kalifoniya ta kafa dokar ruwa da inuwa da hutu tun 2005, amma a 2024 Fulorida doka ta yi ta hana ƙananan hukumominta kafa irinta. Kuma ba don Allah kaɗai ake wannan hidima ba. Idan masu yanka suka kwanta, taba ruɓewa take yi a gona.

To amma duk da haka. A watan Satumban 1962 Shugaba Kennedy ya sa hannu a dokar lafiyar ma'aikatan gona masu ƙaura, kuma tun daga lokacin akwai kuɗi a kasafin tarayya da sunan waɗannan mutanen. Yau cibiyoyin lafiyar da gwamnati ke tallafawa suna duba kusan mutum miliyan ɗaya a shekara daga cikinsu da iyalansu, ana cajin kowa gwargwadon samunsa, kuma fiye da rabin kujerun hukumar gudanarwar irin wannan cibiya dole ne su kasance na masu zuwa jinya a cikinta. Ƙasar da take wulaƙanta baƙo ta wani fannin, ta zauna tun watan sanyi ta lissafa zuwansa da ciwon da zai yi. Mu da muke cewa baƙonka annabinka, a littafin wa aka rubuta ɗan ci-rani?

Ba sai na gaya muku yadda Kadawa da Kura da Garun Malam suke cika da rani ba, ko Bakolori, ko kwarin Haɗeja, ko su wa ke cikin gonakin koko na Kudu. Kun san inda suke kwana. Kun san yaron da ke goye da tankin feshi ba takalmi ba ƙyalle a hanci, yana gauraya magani da hannu, idan ya gama ya wanke a ruwan da za a sha. Kun san tsargiya, kun san abin da kububuwa ke yi wa masu girbi a wajajen Kaltungo. Kun kuma san maganin: a je kemis a haɗo na ɗari biyar, idan ya ƙi a yi ƙarin ruwa a kan benci, idan ya ƙi a sa shi a mota a mayar da shi garinsu, tunda jinya a baƙon wuri ta fi ƙarfin kowa. Da yawa a hanyar suke cikawa, a ce kwana ne ya ƙare.

Za a ce kuɗi ne, Amurka ce. Ban yarda ba, kuma hujjata daga gida take. Lokacin yaƙi da shan-inna, babu rugar da ba a gano ba. An tsaya a tashoshin mota da kasuwanni da kan iyaka ana ɗiga wa yaran matafiya, an zana taswirar ƙauyukan da ko hakimi bai taɓa takawa ba, har aka ayyana an rabu da cutar a 2020. Duk damina ana bi gida-gida wata-wata ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wato mun iya tsara aikin lafiya da yanayin shekara. Tun 1989 muke da hukumar ilimin makiyaya, wato mun yarda cewa hidima tana iya bin mutum inda ya tafi. Abin da ya rage shi ne wanda ya damu. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, ta 2022 ta ce inshora dole ce ga kowa, amma rajistar a jiha ɗaya ake yin ta, a asibiti ɗaya. Mutumin da yake wata biyar a Kano, wata huɗu a gonarsa ta Maraɗi ko Daura, sauran a Legas, wace jiha ce za ta ce nata ne?

Kuma ba mu buƙatar dokar kwana 45 kafin mu san wa ya zo. Mai unguwa ya sani, sarkin noma ya sani, mai masauki ya sani, shugabannin 'yan gwari sun san kwando nawa zai tashi zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas da hannu nawa ya tsinke shi. Sarkin Hausawan Sabo a Ibadan zai iya gaya maka wa ya sauka jiya. Masu yankan rasit ma, ranar da tumatir ya fara nuna suna bakin hanya da sandarsu da ƙusa, ba su taɓa makara ba. Ma'aikacin lafiya guda, babur mai ƙafa uku, da dare ɗaya a mako bayan isha'i a inda 'yan ƙodago ke kwana, daga Disamba zuwa Afrilu, nawa zai ci daga abin da ake karɓa a kan kowane kwando?

Maganar zumunci da na yi wa matar nan ba ƙarya ba ce, kuma har yanzu ina kan bakana. A masaukin nan na ga mutum yana rawar sanyi a kan gado na sama, 'yan ɗakinsa sun gaji har ba mai iya ɗaga kai. A wurinmu da wani ya dama masa koko, da wani ya kira ɗan garinsu, da an yi karo-karo a masallaci bayan sallar asuba. Nakan yi kewar wannan har ƙirjina ya yi nauyi, musamman da sanyi, lokacin da za ka yi mako ba wanda ya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Sai dai a tambayi wa ke biyan kuɗin zumuncin. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a jinya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita, kuma wani ɓangare na aljihun nan mu ne da ke waje. Wayar takan shigo ƙarfe uku na dare agogon nan. Ba a taɓa kirana an ce Yaya, turo a auna jinin wane kafin ya tafi ci-rani ba. Kullum sai an kwantar, sai ƙafa ta kumbura, sai likita ya ce ƙoda ce. Ka tura abin da ka tara na haya, bayan kwana biyu a kira ka da wata murya daban. Idan ka yi jinkirin awa ɗaya kuwa, ka zama wanda Amurka ta canza.

Na kai maganar taron ƙungiyarmu ta 'yan arewa a nan. Muna da asusu mai ƙarfi na jana'iza, kuma duk azumi muna aika buhunan shinkafa gida a ɗauki hoto. Na ce a ware wani abu a ɗauki ma'aikacin lafiya ko guda ɗaya na rani ɗaya, a wuri ɗaya, mu ga abin da zai faru. Wani Alhaji ya ce aikin gwamnati ne. Wani ya tambaya a jihar wa za a fara, nan take 'yan Kano da 'yan Katsina da 'yan Nijar suka rabu gida uku. Shugaba ya duba agogo ya ce a ɗage zuwa zama na gaba, tunda ba a gama maganar wurin da za a kama na hawan Sallah ba.