Masu tayifin ne ya kamata su fara zuwa gayyar rubuta bayanin manhaja da Hausa

Makon jiya na shiga wani shagon buga takardu kusa da tsohuwar jami'ar Bayero, na tarar da yarinyar da ke tayifin ta haɗa gumi a kan furojet ɗin wani ɗalibi. Malaminsa ya ce shafukan farko, na sadaukarwa da godiya, su ɗauki lambar Romawa, babi na ɗaya kuma ya fara daga 1. Mai shagon ya sa mata LibreOffice, wata manhajar rubuta takardu a kwamfuta, don ya gaji da kwafin satar nan da kullum ke damunsa da neman lasisi. Ta danna F1, bayani ya fito, ta karanta layi biyu ta rufe. Ta ce, "Yaya, wannan ai Turancin likita ne." Ƙarshe raba aikin ta yi gida biyu, ta buga kowanne daban, ga janareta na ta shan mai.

Alhali abin bai kai ya kawo ba. Ka ware wa shafukan farko salon shafi nasu mai lambar Romawa, a ƙarshensu ka shiga Insert, ka bi More Breaks zuwa Manual Break, ka zaɓi ɗaya salon, ka ce lamba ta fara daga 1. Duk wannan yana cikin bayanin, sai dai an rubuta shi ne don wanda ya riga ya san sunan abin da yake nema.

LibreOffice ya fito a 2011 ƙarƙashin gidauniyar The Document Foundation ta Jamus, kyauta ne, kuma littattafan jagorarsa 'yan sa-kai ke rubuta su. Babu mai hana ɗan Kano sa hannu. Amma matasanmu masu koyon manhaja, kowa burinsa ya rubuta kod. Rubuta bayani a wajensu aikin ƙananan yara ne. Ba mu kaɗai ke da wannan cutar ba, har sai da Google ya ɓullo da shirin Season of Docs a 2019 don haɗa marubuta da irin waɗannan ayyuka.

Mu shida ne muke zama duk Asabar bayan la'asar, muna sake rubuta bayanan da Hausa. Na ce sake rubutawa, don fassara kalma da kalma ba ta fisshe mu ba. Mun gwada, abin ya fi Turancin duhu. Yanzu daga tambaya muke farawa, yadda mai tambaya zai yi ta da bakinsa: "Ya zan yi lambar shafi ta fara daga babi na ɗaya?" Sunan maɓalli kuma muna barinsa yadda yake a fuskar kwamfuta. Mun sha musu a kan haka da wani malamin Hausa da ke cikinmu, ina girmama shi, amma in ka rubuta "Saka" alhali idon mutum Insert yake gani, ka ɓatar da shi ne da yarensa. Sai rigimar ƙugiya: mu rubuta "ƙirƙira", mai nema a waya ya buga "kirkira", ya tashi a tutar babu.

Wasu za su ce ai akwai YouTube. Akwai, ga mai data. Shafi ɗaya kuwa a tura shi ta WhatsApp, ko a buga a manna a bangon shago. Wahalarsa dai ita ce tsufa: sau biyu a shekara sabon LibreOffice ke fitowa, maɓalli ya canza wuri, bayanin bara ya koma ƙarya in ba wanda ya bi ya duba.

Shi ya sa nake cewa masu tayifin da masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre ta Kano sun fi injiniya amfani a wannan gayyar, su ake yi wa tambaya dare da rana. Jiya na kai wa yarinyar nan shafin da muka rubuta. Ta bi shi tiryan-tiryan, ta ɗago ta ce lamba ba ta fito ba. Ashe mu shida duk mun manta mu ce a fara buɗe gurbin ƙasan shafi a sa lambar a ciki. Asabar mai zuwa da ita za a zauna, in mai shagon ya yarda.