Sarkin da ake wa tafi a Zabura 47 ba ya karɓar toshiyar baki

Wani bidiyo da ya riƙa yawo a Facebook makon jiya ya hana ni sakat. Mai wa'azi na tsaye a kan mumbari da ambulan a hannu, ya karanta Zabura 47, jama'a suka tafa kamar yadda aya ta 1 ta ce a yi. Daga nan sai ya ce tunda Allah ne Sarkin dukan duniya, ɗan Sarki bai dace da talauci ba, duk mai son ƙofarsa ta buɗe ya fito ya shuka iri, wato ya ba da kuɗi da fatan Allah zai ninka masa. Kyamara ta hasko wata dattijuwa tana laluben jakarta, hannunta na rawa. Fuskarta ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Da malamin nan ya buɗe shafi ɗaya gaba, da ya ci karo da Zabura 49. 'Ya'yan Kora, mawaƙan Haikali, su ne sunansu ke kan zaburori biyun. Bakin da ya yi wa Allah kirarin sarauta shi ne ya tara talaka da mai kuɗi wuri ɗaya, ya ce su kasa kunne. Me ya faɗa musu? Cewa ba mahaluƙin da zai iya fansar ran ɗan'uwansa da dukiya, ko ya biya Allah diyyarsa, don kuɗin rai ya fi ƙarfin aljihun kowa. Mai hikima da wawa duk mutuwa suke yi, su bar wa wasu abin da suka tara. Har da masu laƙaba wa filaye sunayensu domin a riƙa tunawa da su. Mawaƙin ya ce kabari ne gidansu, ana kora su kamar tumaki, mutuwa ce makiyayinsu. Sau biyu, a aya ta 12 da ta 20, ya kwatanta mai alfahari da daraja da dabbar da ke mutuwa. Magana ce mai ɗaci, shi ya sa ba a cika jin ta ranar tara baiko ba.

Ga kuma Zabura 50 ta Asaf, shi ma mawaƙin sujada, manne da ita. A can Allah da kansa ya ce dabbobin da ke kan tuddai dubu nasa ne, ko da yunwa yake ji ba zai gaya wa mutum ba. To, Sarkin da ya mallaki duniya da abin da ke cikinta, me ambulan ɗinka zai saya a wurinsa? Sarautar Allah ita ce ma babbar hujjar da ta rushe wannan ciniki. Wanda ya mai da ita jarin kasuwanci ya ƙasƙantar da Ubangiji zuwa matsayin mai mulkin da ake kai wa toshi a samu kwangila.

Na san za a kawo mini Zabura 112 mai maganar wadata a gidan mai tsoron Allah. A ƙarasa karatun, za a tarar mutumin rarraba wa matalauta yake yi, ba karɓe musu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da irin bai tsiro ba. Ba wanda zai tuhumi mai wa'azi. Dattijuwar za a ce wa bangaskiyarta ce ta gaza, ta koma gida ba kuɗi, ga zargin kai. Asaf ma ya taɓa jin kishin mugaye masu wadata a Zabura 73, har ƙafarsa ta kusa zamewa, kuma abin da ya tsai da shi shiga Haikali ne da ganin ƙarshensu, ba ƙarin dukiya ba.

Dattawan ikkilisiya su daina kawar da kai. Duk fastan da zai karanta Zabura 47 kafin baiko, a sa shi ya ɗora da 49 da 50 da babbar murya, tun kafin a zagaya da ambulan.